Riƙon Ƙwaryar Ɗan Maigari

A duk ƙasar da tutar Faransa ta yi wa inuwa, ilimi kyauta ne, kamar iska, kamar hasken rana, kuma babu yaron da za a rufe wa ƙofarsa don ubansa ba kowa ba ne. Kwamandan Gaya ne ya faɗi haka da bakinsa, a shekarar da ta biyo bayan yunwar fara, yana tsaye a barandar biro, wato ofishinsa, masu gari na zaune a ƙasa cikin rana. Mai fassara ya juya maganar da harshen Dendi, ya sake juya ta da Hausa, don kada wani ya ce alherin ya wuce shi. Sannan kwamandan ya ƙara da cewa kowane maigari zai kawo ɗan cikinsa guda ɗaya lakwal, wato makarantar Nasara, kafin wata ya mutu, wanda bai kawo ba kuwa zai kwana gidan kaso. Masu gari suka yi godiya. Ba su taɓa ganin kyautar da gardi, ɗan sandan kwamandan, ke rakowa da bulala ba, amma Nasara ya zo da abubuwa da yawa da ba a taɓa gani ba.

Maigari Kabo na Tungar Gambo, can cikin Dallol Foga inda ake dafa gishiri, ya koma gida yana tunani. Yana da ɗa, Halidu, ɗan shekara takwas, mai kumatu da son inuwa. Kowa kuwa ya san abin da lakwal ke yi wa yaro: ta sa masa gajeren wando, ta koya masa fitsari a tsaye, in ya girma a ɗauke shi soja. Mai hankali ba ya jefa ɗansa rijiya don a gane zurfinta. Sai ya aika a kira masa Bibata.

Bibata baƙuwa ce a tungar. Daga wajen Zabori ta taso a shekarar yunwar, mijinta ya rasu a hanya, ta iso da tukunya a ka da yaro guda a hannu. Maigari ya ba ta wurin kafa bukka da wani yanki na ƙasar gishiri. A nan take kankare ƙasa, ta zuba a kwando, ta kwarara ruwa, ta tari abin da ya tsiyaye, ta dafa shi har ya daskare, ta cura, ta naɗe cikin kaba. Da wannan suke ci.

"Bibata, ina gajiya? Ina yaronmu?"

"Yana nan, ranka ya daɗe."

"Nasara na son yaro guda daga gidana. To ke da naki ai 'yan gidana ne, ko ba haka ba?"

"Haka ne."

"Madalla. Abin kyauta ne, ko tamma guda ba za ki biya ba. Sai dai sunan nan nasa, Siddo, ba shi na ba Nasara ba. A can Halidu za a riƙa kiransa, Halidu Kabo. Aro ne, ba wani abu ba."

Ta dubi ƙasa. Wanda ya ba ka wurin zama ba ya roƙonka, sanar da kai yake yi. Batun suna kuwa bai dame ta ba, don ita dama ba ta amfani da shi. Siddo ɗan fari ne, kuma mace mai kunya ba ta kama sunan ɗanta na fari, ba ta cewa "ɗana" a gaban mutane, ba ta yabonsa, ba ta ko dubansa in da ido a wurin. In tana nemansa sai ta ce "kai". In ana zancensa sai ta ce "wancan". Haka uwarta ta yi, haka kakarta. Ko a cikin yunwar, in ta ba shi rabonta na dusa, juya baya take yi, ta ce ragowa ce.

Lakwal ɗin Gaya doguwar rumfa ce da katangar laka iya ƙugu. Mutanen gari ne suka gina ta da son ransu, wato gardi na tsaye. Gwamnati ta aiko da malami guda, da baƙin allo guda, da taswirar Faransa, sannan ta koma ta huta. Ba ta faɗi inda yaran ƙauye za su kwana ba, ba ta faɗi abin da za su ci ba, da yake a jawabin kwamandan ilimi aka ce kyauta ne, ba a ambaci tuwo ba. Aka ajiye Siddo a zauren wata tsohuwa mai sayar da busasshen kifi, bisa sharaɗin uwarsa za ta riƙa kawo hatsinsa. Duk ranar kasuwa Bibata sai ta ɗauki gishiri a ka, ta yi tafiyar rabin yini ta cikin giginyu, ta sayar, ta auni gero, ta kai wa tsohuwa, ta juyo. Da damina, in ruwa ya shanye ƙasar gishiri, sai ta shiga ƙodago a gonakin mutane. Ana nan aka ce kowane yaro ya zo da fartanya, don lakwal na da gonar gyaɗa inda ake koya wa 'ya'yan manoma noma. Ta ba shi tata. Daga baya aka ce riga da wando. Da rufin rumfa ya zube aka ce iyaye su kawo shuci, Maigari ya tuna cewa ai ita ce iyayen.

Malamin, Mushe Yakuba (Mushe shi ne Malam a bakin Faransawa), dogo ne siriri daga wajen Dosso, yana da takalmi ƙafa ciki da yake ratayawa a kafaɗa, sai ya kusa biro ya sa. Albashinsa daga Yamai yake tahowa, kuma da alama a ƙasa yake tahowa, yana tsayawa gaisuwa a kowane gari. Shi ya fara tare ta a bakin lakwal.

"Yaya, ke ce mai kawo wa Halidu Kabo hatsi?"

"Ni ce, Mushe."

"Matar Maigari ke nan?"

Ta sunkuyar da kai. "Maƙwabta ne."

Ya yi dariya har ya dafa katanga. "Kada ki damu, Yaya. Rabin yaran nan da sunan aro suke amsawa. Ni kaina Yakuban nan da kike ji, na ɗan sarkin garinmu ne. Shi yana can yana kiwon tattabaru, ni ina nan ina shaƙar alli."

Tun daga ranar ta ɗauke shi ɗan'uwa. Duk zuwa sai ta ware masa ɗan ƙaramin curin gishiri, wani lokaci da kuka ko daddawa. Da zazzaɓi ya kwantar da shi wata damina, ita ta kawo saiwoyi ta dafa masa a tukunyar tsohuwa. Shi kuma yana biyanta da abin da babu mai ba ta.

"Yaron nan naki, kansa irin ƙasar Foga ne. Ko'ina ka kankara sai ka samu. Likita zai zama, ki rubuta ki ajiye."

"Wancan? Ai ba ya jin magana," in ji ta, tana gyara gammo. A hanya kuwa, in ta tabbata babu kowa sai giginyu, sai ta yi ta maimaita maganar har gida.

Shekara shida ta yi tana wannan tafiya. Cikin shekarun nan duniya ta ɗan juya. Mai fassara ya yi gida mai rufin kwano. Wani ɗan bayin gidan sarauta, da aka taɓa turawa lakwal a madadin ɗan ubangijinsa, ya dawo Gaya magatakardan biro, da farar hula da alƙalami a aljihu. Ranar kai haraji Maigari Kabo ya cire takalmi ya tsuguna a gabansa, yaron kuwa bai ɗago kai ba sai da ya gama rubutu. Maigari ya koma gida bai ci tuwon dare ba.

A shekara ta shidan aka kai yara Dosso jarrabawar sartifika. Halidu Kabo ya zo na ɗaya a ƙasar baki ɗaya. Kwamandan na lokacin, na uku ke nan in an haɗa da mai jawabin, ya buga waya Yamai cewa lakwal ɗinsa ta yi 'ya'ya: Halidu Kabo, ɗan maigari, zai shiga babbar lakwal ta can, inda ake horar da malamai da magatakarda da mataimakan likita. A can, aka ce, kyautar ta gaske ce, har da tuwo da gado. Ranar bikin Faransa kwamandan ya kama hannun yaron a gaban jama'a ya girgiza, aka ba Maigari kujera a inuwa, ana ta yi masa barka da haihuwar ɗa na gari. Bibata na can baya cikin masu tallar gyaɗa. Ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta tashi tun ba a watse ba, don kada a ce kallo ta zo.

Daga nan aka fara ganin Halidu na gaske a Gaya, yana shiga gidan Mushe yana fita. Ta gan shi sau biyu, ba ta kawo komai a ranta ba.

Saura kwana goma a tafi, ranar kasuwa, Mushe Yakuba ya ja ta inuwar bayan lakwal.

"Yaya, akwai magana. Takardar Yamai ta iso. Sunan da ke kanta Halidu Kabo."

"To ai shi ne sunansa na lakwal."

"Shi ne. Amma mai sunan ya farka. Maigari na shirin tura nasa da takardar."

Ta sauke ƙwaryar da ke kanta. "Kwamandan ai ya san fuskar wancan. Ya kama hannunsa, ina gani."

"A nan ke nan. A Yamai wa ya san shi? A hanya sai a sauke wani a ɗora wani. Takarda ba ta da ido."

"To yaya za a yi, Mushe?"

"Hanya ɗaya ce, a gyara sunan. Ranar Litinin ki je gaban kwamandan, ki ce yaron nan naki ne, ki faɗi sunansa na yanka, a rubuta. Nasara na son gaskiya kamar yadda akuya ke son dusa."

"Ni? In kama sunansa? A gaban mutane?"

"Da ƙarfi ma."

"Haba, Mushe. Kai ka faɗa mana, kai ka iya bakinsu."

"Ni na rubuta littafin sunaye da hannuna, maganata ba ta zama shaida. Ta uwa ce ba a musu."

Da ta gaya wa Siddo, a zauren tsohuwa, tana duban bango kamar da bangon take, sai ya ce:

"Inna, kwamandan da Halidu ya san ni. Da mun bar abin yadda yake."

"Kai ka fi Mushe sani ne?"

Cikin abubuwan da ya koya a shekara shida har da cewa ba a yi wa Mushe gardama.

A hanyar gida ta gwada. Ta tsaya tsakiyar giginyu da rana tsaka, ta duba gabas ta duba yamma, ta buɗe baki. Suna ne ɗan gajere, ko jariri ya iya shi, amma ya tsaya mata a maƙogwaro kamar ƙayar kifi. Ta ji kamar an ce ta kwance zane a kasuwa. Sai a rana ta uku, tana gaban tukunya, ƙarar tafasa na rufe muryarta, ta samu ya fito. Ta ji daɗinsa a baki, har ta ji kunyar daɗin.

Litinin ranar ƙara ce, barandar biro cike take da masu rikicin gona da na saniya, da matan da ke zuwa don jin na wasu. Bibata ta yi mamakin tarar da Maigari ya riga ta, cikin babbar riga, ɗansa Halidu na gefensa da sabon aski da sabon gajeren wando wanda ya matse masa cinya. Mushe Yakuba na tsaye jikin ƙofa, takalmi a ƙafa, yana nazarin daɓe. Siddo na kusa da shi.

Kwamandan ya ɗago daga takardunsa, mai fassara ya ce, "Ke mai gishiri, an ce kina da magana. Me ke tafe da ke?"

Ta durƙusa. Ta nuna da hannu ba ta duba ba.

"Yaron nan da ke tsaye... ɗana ne."

"Ɗaga murya, ba ya ji."

"Ɗana ne! Ni na haife shi, a Zabori, shi ne na fari. Shi ya yi karatun nan duka. Ba Halidu ba ne sunansa. Sunansa Siddo."

"La'ila!" in ji wata mata a baranda. "Ɗan fari? Da bakinta?"

"Yau ido ya ga abin da kunne bai taɓa ji ba," in ji ta kusa da ita.

"Siddo wa?" in ji mai fassara. "Sunan ubansa?"

Wannan Mushe bai gaya mata ba. Sunan miji ma ba a kama shi, ko yana kabari. Amma wanda ya shiga ruwa har wuya ba ya tattare riga.

"Amadu," ta ce. "A rubuta. Abin da na zo roƙo ke nan, a rubuta sunansa."

Kwamandan ya sa aka kawo littafin lakwal. Ya bi shi da yatsa daga sama har ƙasa, ya juya, ya sake bi. Babu Siddo. Ya tambayi Mushe Yakuba wani abu da Faransanci, Mushe ya ba da amsa gajera. Bibata ba ta ji ko kalma ɗaya ba, amma ta ga yadda Siddo ya juya ya dubi malaminsa, irin duban da ake yi wa macijin da aka tarar cikin tabarmar kwanciya. Daga baya ta ji abin da Mushe ya ce. Cewa ya yi yau ya fara jin wannan magana.

Maigari ya gyara zama, ya yi gyaran murya.

"Ranka ya daɗe, gaskiya baiwar Allah ta faɗa, ni ma dama abin na damuna. A shekarar da aka ce a kawo yara, ɗana na fama da kurkunu. Don kada in saɓa umarnin gwamnati, na sa yaron gidana ya riƙe masa wuri. Riƙon ƙwarya ne, al'adarmu ce, ko a sarauta ana yi. To mai abu ya warke. Ga shi."

Kwamandan ya ce a tambaye shi ko shekara shida yaron ya yi yana kurkunu.

"Yakan fita a wannan ƙafa ya koma waccan, ranka ya daɗe."

Sai Siddo ya matso gaba, ba wanda ya ba shi izini. Ya yi magana da Faransanci, doguwa, kalmomin na fita daidai. Kwamandan ya saurara har ƙarshe yana gyaɗa kai, sannan ya ce a gaya wa jama'a su duba da kyau, wannan shi ne irin abin da lakwal ke iya yi da ɗan talaka.

Daga nan ya koma tunani, kuma tunanin ba shi da wuya. Ya riga ya buga waya. Daga Yamai an riga an yaba masa. Gurbin nan kuwa 'ya'yan masu sarauta ake fara dubawa da shi, don gwamnati na son masu gari da suka iya karanta umarni. In ya sake rubutawa, sai ya ce kwamandan uku a jere, har da shi, wani maigarin tunga ya yi wasa da hankalinsu shekara shida. Takarda ta ce Halidu Kabo, ɗan maigari. Ga Halidu Kabo, ɗan maigari, a tsaye. Ɗayan kuwa uwarsa da bakinta, a gaban shaidu, ta ce ba shi ba ne.

Hukunci ya fito kashi uku. Halidu Kabo zai tafi Yamai kamar yadda aka rubuta. Maigari, saboda jinkirin faɗin gaskiya, zai ba da akuya guda a yanka wa yaran lakwal. Roƙon matar kuwa an karɓa: tunda ɗanta ba ya cikin kowane littafi, a rubuta shi yanzu. Magatakarda ya jawo littafin ƙidayar Tungar Gambo, inda ake ɗibar masu haraji da masu aikin tilas, ya dubi tsawon yaron, ya ƙara masa shekara biyu, ya rubuta Siddo Amadu da kyakkyawan rubutu.

"An rubuta," in ji mai fassara. "Ki yi godiya."

"Na gode," in ji Bibata.

Da azahar ta sami Mushe Yakuba a bayan lakwal, zaune kan kututture, yana cire takalmi.

"Mushe."

"Yaya, zauna, rana..."

"Da na yi shiru fa?"

Ya daɗe yana kakkaɓe ƙurar takalmin. "Da yaronki ya tafi Yamai," ya ce. "Maigari ba zai iya tayar da maganar ba sai ya tona kansa. Ni ma haka. Sai in wani ne ya tayar."

"Batun a sauke wani a hanya a ɗora wani?"

"Gardin kwamandan ne zai raka shi har Yamai. Babu mai sauke shi."

Ta gyaɗa kai a hankali, kamar an gaya mata farashin gero.

"Ki saurare ni, Yaya. Wata tara rabona da albashi. Yara arba'in gare ni, rabinsu da yunwa suke shiga aji, in na juya allo sai in ji ana barci. Maigari ya yi alkawarin cika rumbun lakwal duk kaka, muddin ɗansa na can. In aka ga ɗan maigari ya tafi Yamai, sauran za su kawo nasu na gaske, su kawo da hatsi. Yaro ɗaya ne a nan, arba'in a can. Da ke ce, me za ki yi?"

"Ban iya lissafi ba, Mushe. Wancan ne ya iya."

"Ai abin da ke kansa ba a ƙwace ba. Yana nan."

"Maigari ban yi mamakinsa ba. Kura ce, an ajiye nama ta ci. Amma kai da ka ce mini da sunan ɗan wani ka yi karatu?"

"Shi ya sa na san yadda ake yi," ya ce, bai ɗago ba.

Daga cikin rumfa yara na rera sunayen kogunan Faransa, babu mai kula da su. Ta ɗauki ƙwaryarta ta kama hanya.

Ranar tafiya aka buƙaci 'yan dako huɗu daga Tungar Gambo su kai kayan ɗan Maigari Dosso, inda mota za ta ɗauke shi. A ƙa'ida sabon shiga littafi shi ake fara kira. Siddo ya samu akwatin ƙarfe. Akwatin na da nauyi, don a ciki har da littattafan rubutunsa na shekara shida, waɗanda Mushe ya ce a ba Halidu ya riƙa dubawa. Halidu, kan doki, idonsa ya yi ja saboda kukan rabuwa da gida, ya sunkuyo.

"Siddo, don Allah, in sun ce mini wani abu a can, me zan ce?"

"Ka ce wi, shi ne 'to' a bakinsu. Kome suka ce, ka ce wi."

Bibata na tsaye bayan danga. Da ya zo wucewa ta yi magana, tana duban wani wuri.

"Kai. Gyara gammon, ya karkace."

Ya gyara, ya wuce.

Kwana uku bayan haka Bubakar, bafaden Maigari, ya tsaya a bakin bukkarta. Tun ranar biro mutanen tungar suka daina ce mata Bibata, yara ma in ta wuce sai su kwaikwayi muryarta.

"Uwar Siddo, sannu da hayaƙi! Maigari na gaishe ki. Ya ce batun akuyar nan ta lakwal. Ya ce ba shi ya kai ƙara ba, tsuntsun da ya ja ruwa kuwa shi ruwa kan doka."

Akuya ɗaya gare ta, ja, mai ciki. Ta nuna masa turke. Bubakar ya kwance igiya ya ja, akuya ta kafe ƙafafu huɗu ta yi ta kuka. Ya ja, ya zaga, ya daka mata sanda, ta durƙusa a ƙasa.

"Wannan ai irin mai ita ce, baki gare ta!"

"Bari," in ji Bibata. "Ba ta bin baƙo. Za ka karya mata wuya."

Ta janye itace biyu daga ƙarƙashin tukunya don kada gishiri ya kama kafin ta dawo. Ta karɓi igiyar, ta shafa wa akuyar wuya, akuya ta miƙe ta bi ta. Suka ratsa tungar, ita a gaba, bafade a baya yana gaisawa da mutane. A ƙofar gidan Maigari ta ɗaure ta jikin turken doki, ta ja ƙullin ta ga ya kama, ta roƙi wata mata da ke wucewa ta ce a ba akuyar ruwa kafin a kora ta Gaya, hanyar da nisa.